Ranar da Aka Sauke Hajjo

"Karanta min abin da kika rubuta," in ji Hajjo.

Raliya tana zaune a bakin katifar, littafin ƙungiya a cinyarta. Ta buɗe shafin taron Asabar da ta wuce, ta fara karanta sunayen waɗanda suka halarta. Na farko: Hajjo, shugaba.

"Na je taron nan?"

"A'a, Inna."

"Wanda ya gabace shi fa?"

Raliya ta sunkuyar da kai.

Shekara goma sha tara ke nan Hajjo tana jan ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta Birni. A takardun meri, ofishin magajin gari, perezida aka rubuta ta, wato shugaba, mata kuwa Uwar Ƙungiya suke ce mata. Raliya maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma ita ce sakatariya saboda ta yi lekol, makarantar boko. Tun da likita ya ce a mai da Hajjo gida a riƙa ba ta abin da ranta ke so, an yi taro huɗu ba ita. Duk huɗun Raliya ta rubuta tana nan. Ba wanda ya sa ta. Hannunta ne ya kasa tsallake sunan.

Sau biyu Hajjo tana aikawa cewa ta yi murabus, a zaɓi wata. Sau biyu amsa ɗaya take dawowa: Allah ya ba da lafiya, kujerarki tana jiranki. Babu matar da za ta yarda a ce da bakinta aka naɗa wata alhali mai wurin tana numfashi.

Hajjo kuwa ta san abin da ke ƙasa. Dattawan ƙungiyar suna bayan Shatu, mataimakiyar shugaba. Matasan suna bayan Munira, ma'ajiya, wadda masu saye daga Yamai suke kira a waya. Ƙungiyar masu saƙar tabarma ta unguwar gaba haka ta yi, shugabarsu ta rasu ba magajiya, kafin sadakar arba'in sun dare gida biyu.

"Su tabarma ce, kowa ta naɗe tata ta tafi," in ji Hajjo. "Mu injin niƙa ɗaya gare mu. In za a yi faɗan, a yi shi ina gani. Mene ne a doka ta bakwai?"

Raliya ba ta buƙaci dubawa ba. "Duk 'yar biro, wato mai muƙami a ƙungiya, da ta fasa taro uku a jere, ta sauka daga muƙaminta."

"To."

"Inna, rashin lafiya ai uzuri ne."

"Mun rubuta haka?"

"Ba mu rubuta ba."

"Da muka sauke A'isha daga ma'aji, ƙafarta ce ta karye. Me na ce ranar?"

"Kin ce doka ba ta san ƙafa ba."

"Ashe kina tune. Gyara littafinki, ran Asabar ki karanta a gaban kowa."

Raliya ta ɗauki alƙalami. Ta ja layi a kan sunan sau huɗu, shafi bayan shafi, sannan ta fita tsakar gida ta daɗe tsaye a gindin randa.

Ran Asabar bayan la'asar aka yi taron a gidan Hajjo. Mata talatin da ɗaya suka zo. Mai unguwa, Malam Tahiru, ya zauna a zaure a matsayin shaida. Aka fito da Hajjo bakin ƙofar ɗakinta, aka tokare ta da matasai biyu.

Raliya ta miƙe ta karanta dokar, ta karanta ranakun huɗu. A jimlar ƙarshe ta ce kujerar shugaba ba kowa a kanta daga yau.

Shatu ta zabura. "Wannan wane irin rashin kunya ne? Baiwar Allah tana kwance, ke da kike cin tuwon gidanta, ke ce za ki tsige ta?"

"Shatu," in ji Hajjo. Sai da aka yi tsit kafin a ji ta. "Mataimakiya muka zaɓe ki ko lauya? Ni na sa ta. Zauna, ƙila ma ke za ki ci."

Wasu suka yi dariya, wasu suka share ido da bakin mayafi.

Aka ajiye ƙwarya biyu a ɗakin girki, an rufe kowace da faifai, ta dama ta Shatu, ta hagu ta Munira. Kowace mace aka ba ta ƙwayar gyaɗa ɗaya, ta shiga ita kaɗai ta fito. Da aka gama Hajjo ta buɗe tafin hannunta.

"Tawa fa? Shugabanci na bari, ban bar ƙungiya ba."

Aka kawo mata ƙoren har gabanta, mata duka suka juya baya, aka ji ƙaramar ƙara ɗaya.

Mai unguwa ya ƙirga a fili: Munira goma sha takwas, Shatu goma sha huɗu. Ya yi addu'a, ya shafa. Shatu ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita ba sallama, dattawa shida suka bi ta.

Kwana biyu Raliya tana shiga tana fita da kunu wanda ba a sha. Ran Litinin da yamma Hajjo ta buɗe ido ta tambaya ko Shatu ta leƙo.

"Ba ta zo ba, Inna."

"Za ta zo. Ta san hanya."

"Kin sa na sauke ki da bakina."

"Ni na sauka. Ke karatu kika yi."

Ran Talata da hantsi Raliya tana tankaɗe a gidanta ta ji salati ta bayan katanga. Ta ajiye rariyar, ta wanke hannu, ta zagaya.

Kafin azahar an yi wa Hajjo sutura. Lungun bai ɗaukar mutum uku a jere, maza suka fita da makara bibbiyu, mai unguwa a gaba. Tsakar gida ta cika da mata, har da na Mirriya da suka iso a motar farko. Shatu ta zo. Ta zauna can jikin katanga cikin mutanenta, ba ta dubi kowa ba.

Gidan rasuwa ba a ɗora tukunya, ga baƙi kuma suna ƙaruwa. Munira ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce a kai babbar tukunyar ƙungiya gidan Raliya, wasu su ɗebo ruwa, wasu su kawo itace. Matasa suka tashi. Dattawa ba wadda ta motsa, duk idonsu yana kan Shatu. Raliya ta ga Munira ta buɗe baki za ta maimaita, ta fasa.

Shatu ta dafa ƙasa ta miƙe a hankali. Ta cire mayafinta ta ɗaure ƙugu da shi.

"Shugaba," ta ce, "ba kya iya ɗaga ta ke kaɗai. Kama can."

Munira ta kama kunne ɗaya, Shatu ta kama ɗayan. Raliya ta wuce gaba ta buɗe musu ƙofar gidanta. Suka shigo lungun a karkace, suna tafiya da gefe, gindin tukunyar yana gogar yashi.