Rawar Gauraki

"Sauke ƙarfen nan ki kalla da idonki," in ji Baba, suna tsugune cikin ciyawa a bakin tafkin da ke bayan ma'aikatar ruwa.

'Yarsa Auta ta saki kyamarar a wuyanta. Tun tana ƙarama yake kawo ta nan kallon tsuntsaye da tsohon madubinsa na hangen nesa. Da ta fara aiki ta sayi kyamara, sai ya laƙaba mata Mafarauciya. A ganinsa masu hoto ba kallo suke yi ba, kwasa suke yi su kai gida. Abin da ba ya son a taɓo shi ne yanar da ta rufe masa idon dama, na hagun ma ya fara dishi-dishi.

Wani kuka mai kauri ya keto daga sama. Baba ya damƙe hannunta.

"Gauraki! Wallahi gauraki ne. Rabona da jin su tun mahaifiyarki na da rai."

Su biyu ne, suka sauka a tsandaurin da ke gabansu, tukkunsu na sheƙi kamar zinariya. Ɗaya ya rusuna, ya ware fukafukai, ya daka tsalle ya sauko a hankali kamar ba shi da nauyi. Ya tsinci kara ya cilla sama. Ɗayar ta rusuna ta amsa masa, suka shiga kewaya juna. Auta ko ƙiftawa ba ta yi.

Sai ga wani babur ya ratso da ƙara, tsuntsayen suka tashi suka haye tafkin.

Baba ya daɗe kafin ya sauke madubin. "Inuwa kawai na gani," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Kin ɗauka ko? Nuna mini, ki ƙara masa girma."

Auta ta dubi kyamarar.

"Baba, na manta. Kallo nake yi."

Ya gyaɗa kai, ya juyar da fuska wajen ruwa.

Ta miƙe ta tsaya daf da shi, inda idonsa na hagu zai iya kamo ta. Ta rusuna, ta ware hannuwa, ta yi tsalle, takalminta ɗaya ya maƙale a taɓo.

Baba ya goge ido da bakin riga.

"A'a, Auta, ba haka suke yi ba. Miƙe wuyan tukuna, sannan tsallen."