Gubar da Ta Wuce Tukunya

Shekara ashirin da uku Mai Tukunya ya yi a kan tankin dafa ruwan tuffa na masana'antar, kuma maganarsa ɗaya ce: duk abin da ya bi ta tukunyarsa ya tsarkaka. Matan da ke tsaye bakin bel ɗin da ke jan tuffa zuwa inji suna tsince ruɓaɓɓu, in suka ga tuffa ta fara funfuna, shi ne mai ce musu, "Ku yanke wurin ku jefa saura, wuta na gaba." Shugabar matan yayarsa ce ciki ɗaya. Ita ta goya shi, ita ta sama masa aikin.

Sai aka ɗauki wata ma'aikaciyar gwaji, wadda mata suka sa wa suna 'Yar Ɗigo, don komai nata da ɗigo ne. Na'urarta ba ta fi wayar hannu ba. Ana soka mata wani ɗan falle da aka shafa wa bakinsa abin da ba ya kama komai sai gubar funfuna. In aka ɗiga ruwa gubar ta manne, lantarkin da ke bi ta fallen ya ragu, na'urar ta nuna lamba. Ran Litinin ta gwada ɗanyen ruwan tuffa, lamba ta ninka abin da doka ta yarda da shi. Manaja bai tsaya dogon bincike ba. Ya ce masu tsincewa ne suka yi sakaci, shugabarsu ta ajiye aiki ƙarshen mako. Tana tsaye da wuƙarta a hannu, ba ta ambaci sunan ƙaninta ba.

Washegari da hantsi Mai Tukunya ya ɗebo ruwa daga bakin famfon tanki, yana tururi, ya kai ɗakin gwaji.

"'Yata, ɗanye kika gwada. Wa ke shan ɗanye? Ga dafaffe, ki ba wa 'yar wayar taki ta ɗanɗana."

"Baba, bari ya huce tukuna, kar ka dafa min na'ura."

"Au, ita ma tana tsoron wuta? To kin gani."

Ta yi dariya, ta sake falle, ta ɗiga. Suka zuba wa gilashin na'urar ido. Lamba ta hau, ta hau, ta tsaya kusa da ta jiya, da kaɗan ta gaza.

"Ta lalace," in ji shi.

Ba ta yi musu ba. Ta gwada ruwan sha na famfo, na'ura ta nuna babu. Ta sake gwada nasa, lambar nan ta dawo.

"Wuta tana kashe funfunar, Baba. Gubar da ta riga ta zuba a cikin tuffa ce ba ta jin wuta. Kuma ba a wurin tabon kaɗai take tsayawa ba, tana ratsawa har inda ido ke ganin lafiya lau."

Ya zauna kan kujera ba tare da an ce ya zauna ba. Can ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka fara yankewa ana jefawa."

Lokacin hutun rana ya iske yayarsa bayan rumfar akwatuna tana wanke hannu. Ya gaya mata duka, bai rage ba.

"To na ji," ta ce. "Yanzu ka ja bakinka ka yi shiru. Ni gwiwata ma ta gaji da tsayuwa. Kai kana da 'ya'ya huɗu a makaranta."

"Yaya, ni na ce ku jefa."

"Ni kuma na bi maganar yaron da na share wa majina. Wa ya fi wani wauta? Koma bakin tukunyarka."

Ya koma. Ya daidaita zafi, ya duba agogo, ya yi duk abin da ya saba. Ta taga yana hango ta bakin bel, ta ɗaure ƙugu da zane saboda ciwon baya. Ya san ƙarya take yi da ta nuna ba ta damu da rasa aikin ba. Mijinta na kwance shekara biyu, ba mai shigo da komai gidan sai ita.

Da la'asar ya shiga ofis ba sallama mai tsawo, ya ce laifin nasa ne, shi ya ce a yanke a jefa. Manaja ya saurare shi yana juya biro.

"Ka san wani zai tafi dai? Hukuma za ta tambaye ni wa na hukunta."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To bar makullin tanki a kan tebur."

Da ya fito, labari ya riga shi isa bakin bel. Matan suka sunkuyar da kai. Yayarsa ba ta ɗago ba, hannunta na ta aiki.

"Wa ya aike ka?"

Ya tsaya a gefenta, ta ci gaba.

"Sai ka je ka yi wa matarka bayani da bakinka, ni ba ruwana." Ta goge hannu a jikin rigar aiki, muryarta ta yi ƙasa. "Kwalaben ruwan tuffan nan da ake ba mu muna kai wa yara gida duk mako, ka tambayi yarinyar me suke yi wa ciki?"

"Ban tambaya ba."

"Koma ka tambaya kafin ka fita ƙofa."