Ƙirjin Surukina

Tun da aka kawo ni gidansu a unguwar Gobarau, ban taɓa haɗa ido da surukina Alhaji Almu ba. A durƙushe nake gaishe shi, kaina a ƙasa. Wata rana ina bakin aiki a asibiti, sai ga mijina ya shigo da shi ɗakin hoton zuciya yana numfashi da ƙyar, kuma duk asibitin ni kaɗai ce likitar da ta yi ƙarin horo a kan wannan na'ura.

Malamanmu sun koya mana karanta kowane lungu na zuciya, amma ba wanda ya koya mini yadda zan ce wa uban mijina ya tuɓe riga. Mijin nawa kuwa, da nake sa ran zai faɗa a madadina, ya sulale waje wai ana kiransa a waya. Har yau ban huce ba.

"Baba, rigar," na ce, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya cire, ya kwanta ta gefen hagu, ya jawo hularsa ya rufe fuska. Na ɗora na'urar a ƙirjinsa, na kafe allo da ido. Ƙofa ɗaya ta zuciyar ta tsuke sosai, sai an yi aiki.

Daga ƙarƙashin hular ya ce, "Ɗiyata, kada ki aiko ta bakin mijinki. Ni za ki gaya wa."

Haka na tsaya na yi wa hula bayani dalla-dalla, ita kuma tana gyaɗa mini kai.