Asabar Biyar

"Tsaya, maƙwabci, dubi wannan," in ji Baba Kafinta, ya dafa wata bishiya da tafin hannu. "In ta bushe, teburin da za a yi da ita sai jikoki sun gaji da shi."

Karo na shida ke nan da muka tsaya, ko rabin dutsen ba mu hau ba. Na duba agogo yadda zai gani.

Ba kafinta ba ne na gaske. A gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya, sannan ya mai da garejinsa wurin zarto da guduma, unguwa ta laƙa masa sunan. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shekara biyu duk Asabar da safe muna bin siririyar hanyar da ta hau dutsen bayan gari, yana ba ni labarin 'yarsa mai aikin jinya da jikansa mai cin sabulu. Amma a bana ya ishe ni. Taku ashirin, sai ya tsaya yabon bishiya.

"Baba, mun zo motsa jiki ne ko zaɓen katako?"

Ya yi dariya, bai saki bishiyar ba. "Kai dai ba ka da ido."

Asabar ta gaba na ce masa gwiwata ta kumbura. Ya jajanta min, har da ba ni man shafawa. Ni kuwa na koma fita da sassafe ta ƙofar baya, ina hawa ta ɗaya gefen tare da abokan ofis masu sauri. Haka na yi Asabar biyar. A ta biyar ɗin, da hantsi, matarsa ta kai masa shayi gareji ta same shi zaune a kan benci, kansa jingine da bango, takalmin tafiya na ƙafarsa. Ko igiyar bai kwance ba.

Kwana uku bayan an binne shi, da mutane suka ragu, matarsa, wadda muke kira Mama, ta aika a kira ni. Na same ta a garejin ita da 'yar, suna share garin katako.

"Yaya, mun gode," in ji 'yar. "Tun farkon shekara likita ya ce zuciyar ta gaji. Taku kaɗan, sai ya nemi abin dafawa. Na hana shi dutsen nan, ya ce ai yana tare da kai. Shi ya sa muka ƙyale shi."

"Ko ranar ma," in ji Mama, "cewa ya yi kana jiransa a bakin hanya."

Sai a lokacin na gane abin da yake yi da bishiyoyin. Na gane kuma sau biyar ya hau shi kaɗai, da sunana a bakinsa. Kunya ta rufe ni har na ji da ma ƙasa ta tsage.

Mama ta jingine tsintsiya ta matso. "Ɗana, da ya dawo ban gan shi ba, ina wanki. Kai ne na ƙarshe da ya yi hira da shi. Me ya ce maka?"

Gaskiyar ta zo har bakina. Na dubi idonta, na haɗiye.

"Wata bishiya ya nuna min," na ce. "Ya ce in ta bushe zai yi miki kujera mai jingina, saboda bayanki."

Ta rufe baki da gefen mayafi, tana dariya hawaye na zuba. "Kin ji ubanki ko? Shekara nawa ina roƙonsa kujerar nan!"

Yau sati biyu ke nan. Masu gaisuwa na zuwa jefi-jefi, katangar kuma ba ta da tsawo. Duk wanda ya zauna sai na ji muryar Mama tana cewa, "Ai ba shi kaɗai ba ne ranar, maƙwabcinmu na tare da shi." Daga nan sai ta kawo zancen kujera.

Jiya da yamma ina tsakar gida ina ba shuke-shuke ruwa, sai na ji Mama ta sake fara labarin. Na tsaya da butar a hannu har ta kai ƙarshe, ruwan yana zuba a kan ƙafata.