Buɗa-baki a Ɗakin Magani

Ranar Juma'a, 24 ga Afrilu, 2020, aka ɗauki azumi. A ranar, ƙaramin asibitin da 'yata Na'ima ke shugabantar ma'aikatan jinya a Unguwar Dosa yana da gadaje goma sha biyu da ma'aikata tara. Cutar korona ta riga ta shigo Kaduna.

A gaban majinyata babu mai sakaci. Kowa da takunkumi da safar hannu. Amma da an kira magariba, sai su taru a wani ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya, su sauke takunkumi, su sa hannu a tire guda na ƙosai, kofin kunu yana zagayawa. A ganinsu cuta daga ƙofa take shigowa, ba daga abokin aiki ba.

Malam Datti, mai ba da magani, shi ya kafa wannan al'ada shekara ashirin da suka wuce. Ya haura sittin, yana da ciwon suga, kuma shi ya koya wa Na'ima karatun rubutun likita.

Ran azumi na uku ta tare shi a bakin ɗakin.

"Baba Datti, daga yau a ɗakin magani za ka sha ruwa. Zan kawo maka naka."

"Ni kike ƙyama, Sista?"

"Sauran nake ƙyama dominka."

Sharhabil, mai gwajin jini, ya yi dariya da ƙosai a baki. "Mu da muke wanke hannu har fata ta fara saɓulewa?"

"Bakin kofin fa, wa ke wanke shi?"

Ta nemi sauran ma su rabu, suka ce sun ji, suka ci gaba. Malam Datti kuwa ya bi umarni, amma ya daina amsa gaisuwarta sai da ka. Kullum takan ajiye masa dabino da kunu a kan kantar magani, ta fito. Ta faɗa mini wannan ya fi tsayuwar yini nauyi.

Ran azumi na sha shida Sharhabil ya tashi da zazzaɓi, ya ce ba ya jin ƙanshin komai. Aka gwada ma'aikatan duka. Huɗu sun kamu, aka killace su, suka warke bayan Sallah. Malam Datti ba ya cikinsu. Ya yi ritaya a watan Disamba, 2022.