Kofi Shida

Shekara ashirin da shida Baba Tanka ya yi yana tuƙa motar ruwa, yana shayar da unguwanni, sai ga shi yau ruwan shansa na yini guda bai cika gorar lemo ba. Tun da ƙodojinsa suka ajiye aiki shekara uku da suka wuce, fitsari ya ɗauke. Duk abin da ya sha a jikinsa yake zama, sai injin wankin ƙoda ya zuƙe shi, sau uku a mako. Matarsa ce ke riƙe da gorar. Hajiya yake kiranta in ana zaman lafiya, Sufeto in ana rigima. Ta ja wa gorar layi da jan farce, kuma ko kuka zai yi ba ta wuce layin.

Bana kuma ƙashi ya kawo nasa ƙorafin. Ƙugunsa ya riƙe, har sallah sai a zaune. Likitar ƙoda ta ce ciwon nan yana cin ƙashi a ɓoye kamar yadda gara ke cin katako, kuma hoton da aka saba ɗauka bai nuna komai ba. Za ta tura shi wani na daban: a yi masa allura mai ɗan sinadarin nukiliya, a jira awa uku ya bi jini ya lafe a ƙasusuwa, sannan na'ura ta hango inda ya tsage.

“Nukiliya irin ta bam?” in ji Hajiya. “Likita, mutumin nan ko ba allura fashewa yake yi.”

Ranar hoton aka saukar da su can ƙasan asibiti. Nas ta yi masa allura a hannun dama, na hagun mai kumburarriyar jijiyar da ake jona wa injin wankin ƙoda yana ɓoye cikin dogon hannun riga. Ta miƙa masa takarda irin wadda take miƙa wa kowa, ta tare Hajiya a bakin ƙofa.

“Mama, ki jira a waje. Waɗanda aka yi wa allurar kaɗai ke zama a ciki.”

Hajiya ta koma benci da gorarta a jaka, tana hararar ƙofar.

Ɗakin jiran ba taga. Kujeru huɗu, agogon bango, sai injin ruwan sanyi a lungu. Baba Tanka ya sa tabarau ya karanta takardar: bayan allura a sha ruwa kofi shida, don maganin ya fita da fitsari. Ya sake karantawa. A can ƙasa akwai wani layi da ƙananan haruffa, wai masu wankin ƙoda kada su bi wannan umarni, su sanar da ma'aikata. Shi ma ya karanta shi, kada wani ya ce bai gani ba. Sai ya naɗe takardar daidai kan layin, ya bi naɗin da farce, ya sa a aljihu.

Wata malamar makaranta da ke kusa da shi tana ta mita da kofi a hannu. “Baba, wannan ai azaba ce. Na uku ke nan, cikina kamar zai fashe.”

“Sannu, 'yata,” ya ce. Abincin wani gubar wani.

Ya daure minti ashirin, a nan kam a yaba masa. Amma duk wanda ya tsiyaya sai injin ya yi ƙululu, shi kuwa harshensa kamar tsohon takalmi. Shekara uku yana tsotsar ƙanƙara, yana kurkure baki ya zubar. Yau babu gora, babu jan layi, ga takardar asibiti a aljihu. Ya tashi da sandarsa.

Kofin farko bai ma ji wucewarsa ba. Na biyu ya sa shi lumshe ido. A na huɗu hawaye suka zubo masa, ya bar su. Ya cika shida cif, don shi mutum ne mai bin doka.

Da awa uku ta cika, mai ɗaukar hoto ya kwantar da shi a wani siririn gado, ya ɗaure masa hannuwa a gefe da maɗauri, ya haɗe ƙafafunsa. Wani faffaɗan faranti na na'urar ya sauko har ya kusa taɓa hancinsa.

“Baba, rabin awa ne. Daga kai za ta fara, ta gangara har ƙafa. In ka motsa hoto ya lalace.”

Dama gobe ne ranar wankinsa, ruwan kwana biyu na jikinsa, ga kofi shida ya ƙara. Yana kwanciya ruwan ya nemi ƙirji. Numfashi ya fara guntulewa. Ba damar tashi, ba damar tari, farantin kuma tafiyar hawainiya yake yi. Tsoro ya kama shi sosai. Ya ce a ransa in dai ya kai ƙugu shi ke nan, ƙugun ne ya kawo shi. Farantin na kan haƙarƙari lokacin da mai hoton ya ji ƙirjinsa na ƙugi. Ya tsayar da na'urar, ya kwance maɗaurin, hannun riga ya zame, jijiyar ta bayyana.

“Innalillahi! Baba, ruwa ka sha?”

A guje aka tura shi ɗakin wankin ƙoda. Hoto ya tsaya a rabi, ƙugu bai fito ba, sai an sake ba shi rana bayan mako biyar.

Yana kwance da robar iska a hanci yana jiyo Hajiya a baranda tana wanke nas ɗin tas, wai sun ɗura wa mijinta ruwa. Nas ta amsa laifinta na rashin tambaya, amma ta ce a rubuce yake a takarda. Hajiya ta shigo, ta zura hannu a aljihunsa ba sallama, ta ciro takardar. Ta ga naɗin. Ta buɗe shi a hankali, ta karanta layin da ke ƙasa.

Ya runtse ido yana jiran Sufeto. Sai ya ji ta ja kujera ta zauna.

“Alhaji,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, “mai sanyi ne?”

“Mai sanyi ne.”

“To ka ƙoshi?”

Ya juya ya dubi injin wankin da aka jona masa. Lambar da ke fuskarsa tana ta hawa, yana ƙwace kofunan nan ɗaya bayan ɗaya. Leɓɓansa har sun sake bushewa.

“Wallahi, Hajiya, ban ƙoshi ba.”

Ta goge idonta da bakin mayafi. Ta ciro gorar daga jaka, ta ɗaga ta saitin fitila ta duba layin, sannan ta tsiyaya masa cikin murfi ɗaya.