Takobin Ƙarshe na Baba Tela

"Sauke buhun nan, ɗan nan," in ji Inna Mai Wanki. Ta tsaya a bakin ƙofa, kumfar sabulu na ɗiga daga hannayenta.

Direba, babban ɗan maƙwabcinta Baba Tela, ya gyara buhun a kafaɗa, ƙarafa suka yi ƙara a ciki. "Inna, mutum yana jinya ga takubba a kansa? Sai ya yanke kansa? Ba ni hanya."

"Ubanka bai mutu ba tukuna. Gaggawar me kake yi?"

Tun tana amarya a layin ta san tsohon da wannan ciwo na son takubba. Da ya rufe keken ɗinki sai kasuwar gwanjo, yana tonon tsofaffin wuƙaƙe da takubba cikin tukwane da fitilu. Ya shafa ƙota, ya ƙwanƙwasa da farce, ya faɗa maka irin maƙerin da zamaninsa. Guda ɗaya ce, wadda ya saya dab da kwanciyarsa, bai samu ya bincika ba. Tun da aka kwashe su daga bango ya rufe baki, ko ruwa ya ƙi.

Inna ba ta ƙara roƙo ba. Ta cusa hannu cikin buhun, ta zaro waccan ta ƙarshen, mai yagaggen kube, ta wuce ciki.

Ɗakin na warin man zafi. Ta ɗora wa Baba Tela ita a ƙirji.

"Kin daɗe," ya ce. "Idona ya tafi. Duba gindin ƙotar, me kika gani?"

"Ni da ban yi boko ba?"

"Ba karatu na ce ki yi ba. Dubawa."

Ta karkata ta wajen taga. "Wani abu kamar kifi. Gefensa kuma rami, an cike shi da dalma."

"Zagayayye?"

"Kamar an huda da inji."

Ya bi bayan ƙarfen da babban yatsa, a hankali, har tsini. Sai ƙirjinsa ya fara rawa. Ta zaci tari ne, ashe dariya ce.

"Ƙarfen sifirin ne, na ƙarƙashin mota. Ɗan banzan maƙeri, ya binne ta a ƙasa ta yi tsatsa, aka sayar mini a ta kakanni." Ya numfasa. "Amma gwani ne. Ki je ki faɗa wa mai gwanjon na gano su. Kada su ce na tafi ban sani ba."

"Zan faɗa masa a gaban mutane."

"Yanzu ba ni ruwa."

Direba ne ya kawo kofin. Ya jingine buhun a gefen gado, bai kalli kowa ba.

Da la'asar Baba Tela ya cika. Inna ce ta janye takobin daga ƙarƙashin hannunsa. A babban yatsansa akwai jan tsatsa, ta ɗauko gefen zanenta za ta goge, sai ta bar shi.